Mayen ƙarfe a jikin bututu: yana hana farin ɓawon ruwa ko kuɗi kawai yake ja?

Duk yaron da ya tashi a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu tun kafin ya iya karatu. Ya san macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya barin mutanen gari su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, ya kuma san baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa aka ce masa babu. Rijiyar tana nan har yau, baƙi na zuwa kallonta. A wancan labari, samun ruwan shi ne tashin hankalin. Ba mu ce wahalar ruwa ta ƙare a ƙasar Daura ba, domin 'yan ga-ruwa na nan suna tura kurarsu kwararo-kwararo. Amma yanzu akwai rijiyoyin burtsatse, akwai famfon sola, akwai ruwan da ake janyowa daga madatsar Sabke. Da ruwan ya shigo gida sai wata tambaya ta biyo shi: me ke cikinsa?

Idan kuna son ganin dalilin tambayar, ku leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanku, ko ku duba hitar da 'yan makarantar kwana ke tsomawa a bokiti lokacin hunturu. A gidaje da yawa za ku tarar da wani farin abu ya manne kamar siminti, wani lokaci ya ɗan yi ruwan ƙasa. In an kankare shi, bayan 'yan makonni ya dawo. Shi ne yake toshe ƙananan ramukan kan shawa, shi ne yake sa bakin famfo ya ƙi rufuwa sosai. Uwa tana wanki tana mitar cewa ruwan rijiyar nan yana cin sabulu, kumfa ba ta tashi, fararen kaya kuma suna fitowa da dishi-dishi.

A nan ne masu talla suka shigo. A shafukan sayar da kaya na intanet, da Facebook da WhatsApp, ana tallar wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a bayan bututun ruwa. A cikinta akwai maganaɗisu, wanda muka fi sani da mayen ƙarfe. Wasu irinta kuma waya ce ake naɗewa a jikin bututun a haɗa da lantarki. Alƙawarin da ake yi yana da daɗin ji: ba gishiri, ba sinadari, ba a yanka bututu, ba ta lalacewa, kuma farin ɓawo zai daina taruwa, har wanda ya riga ya taru ma zai narke. Sau da yawa ku ɗalibai ne ake miƙa wa waya a gida a ce ku karanta ku faɗi ko abin kirki ne. Kuɗin da za a kashe kuwa daga aljihun da ake biyan kuɗin jarrabawarku zai fito. Saboda haka muka ga ya dace mu bi maganar nan daki-daki.

Daga ina ɓawon yake zuwa?

Ruwan sama yana saukowa kusan babu komai a cikinsa sai ɗan iskar kabon-dayoksaid da ya kwaso a hanya. Idan ya nutse cikin ƙasa yana ƙara kwasar wannan iska daga ruɓaɓɓun ganyaye da saiwoyi, sai ya ɗan yi tsami kaɗan wanda harshe ba zai ji ba. Wannan ɗan tsamin ya isa ya riƙa narkar da duwatsu a hankali, musamman dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti da shi. Abin da ke shiga ruwan shi ne kalsiyam da magniziyam. Ruwan da ya ɗauki waɗannan biyu da yawa shi ake kira ruwa mai nauyi. Wasu na haɗa shi da ruwa mai zartsi, amma ba lallai su zama abu ɗaya ba: zartsi ɗanɗano ne da gishiri iri-iri ke kawowa, ruwa kuma yana iya yin nauyi ba tare da an ji wani zartsi a baki ba.

'Yan ajin kimiyya sun san sauran bayanin, domin yana cikin manhajar WAEC da NECO. Nauyin ruwa iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda kalsiyam bayikabonet ke kawowa, akwai kuma na dindindin, wanda salfet da kulorayid na kalsiyam da magniziyam ke kawowa. Idan aka tafasa ruwa mai nauyin wucin gadi, ga abin da ke faruwa:

Ca(HCO3)2 → CaCO3 + H2O + CO2

Iskar ta tashi, ruwan ya zauna, shi kuma CaCO3, wato kalsiyam kabonet, ba ya narkewa sosai a ruwa, sai ya kwanta a wurin da ya fi zafi. Shi ya sa gindin buta da jikin hita suka fi shan wahala. Wani abin mamaki game da wannan sinadari shi ne ya saba wa sukari da muka sani: sukari ya fi narkewa a ruwan zafi, shi kuwa zafi ne ke fitar da shi daga ruwa. Ɓawon da ke cikin butarku ɗan uwan ɓawon ƙwai ne da dutsen Kalambaina. Ku ɗiga masa lemun tsami ku ga yadda zai yi ta tsiyayar kumfa. Iskar kabon-dayoksaid ce ke fita.

Ana auna nauyin ruwa da miligiram na kalsiyam kabonet a kowace lita. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya ce daga 0 zuwa 60 ruwa ne marar nauyi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuma mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ta sa iyakar a 150. Mu yi ɗan lissafi don a ga girman abin. A ce ruwan wata rijiya yana da 200, kuma duk na wucin gadi ne, gida yana tafasa lita 10 kullum. Giram 2 ke nan a rana, giram 730 a shekara idan duka ya kwanta. Ba duka ke mannewa ba, wani yana bin ruwan ya fita, amma ko rabinsa ya isa ya lulluɓe hita. Ita hitar idan ta lulluɓe, zafinta ba ya fita da sauri zuwa cikin ruwa, sai wayar da ke cikinta ta yi zafin da ya wuce kima ta ƙone. A tukunyar da ke kan wuta kuwa, ɓawon yana tare zafi, itace ko gas ya ƙara tafiya.

Kada wani ya ɗauka duk ruwan ƙasar Daura haka yake. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar: Daura, Mai'adua, Zango, Ɓaure da Sandamu, kuma ƙasan da ke ƙarƙashinsu ba iri ɗaya ba ne. A Jihar Katsina akwai wuraren da ruwa ke fitowa daga tsagar tsohon dutse mai tauri, akwai wuraren da yake kwance cikin rairayi, musamman wajen iyakar Nijar. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta saboda zurfinsu. Ruwan madatsa galibi ya fi na ƙarƙashin ƙasa sauƙi, tunda bai daɗe yana cuɗanya da dutse ba. Don haka matakin farko kafin a sayi kowane irin magani shi ne a tabbatar akwai cutar.

Me mayen ƙarfe zai iya yi wa ruwa?

Ku samo mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, ku daka ɓawon ƙwai, ku kusanta su. Babu abin da zai motsa. Ku gwada da ɓawon buta, haka nan. Mayen ƙarfe yana jan baƙin ƙarfe da nikel da kobalt, amma kalsiyam kabonet ba ya cikin abincinsa, ruwa ma haka. Kuma ko da a ce yana jan kalsiyam ɗin, ina zai kai shi? Na'urar a bayan bututu take, ba ta da wurin tara datti, ba ta da mafitar da za ta zubar. Duk kalsiyam ɗin da ya shiga bututun ta wannan gefe zai fita ta wancan. Wannan magana babu gardama a kanta tsakanin masana: na'urar mayen ƙarfe ba ta rage nauyin ruwa. Sabulun da ruwan ke ci jiya zai ci shi gobe.

Masu sayar da ita da suka san abin da suke yi ba sa musun wannan. Da'awarsu ta fi haka wayo, kuma ya kamata mu saurare ta da adalci. Suna cewa kalsiyam da kabonet a cikin ruwa suna ɗauke da cajin lantarki, kuma duk abu mai caji da ke tafiya ta cikin filin maganaɗisu yana jin wani ƙarfi na ture shi gefe. Wannan gaskiya ne, yana cikin littafin fiziks na aji uku. Daga nan sai su ce wannan turin yana sauya yadda ƙwayoyin kalsiyam kabonet ke haɗuwa. Sinadarin yana da siffofi fiye da ɗaya duk da cewa sunansa ɗaya: akwai kalsayit, irin na ɓawon ƙwai, akwai aragonayit, wanda ƙwayoyinsa suka yi kama da ƙananan allurai. A cewarsu, mayen ƙarfe yana sa a sami aragonayit da yawa, ko ya sa ƙwayoyin su haɗu a tsakiyar ruwa su bi shi su wuce maimakon su manne a bango.

Maganar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Theo Vermeiren ya yi rajistar irin wannan na'ura tun 1945, aka kuma sayar da ita a ƙasashe da dama. Shekara tamanin ke nan, lokacin da ya isa a ce an gama gardama. To me gwaje-gwaje suka nuna?

A 1958, Farfesa Rolf Eliassen da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori, ba su ga sun rage ɓawo ko tsatsa ba. A 1996, babban ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya ya ɗaura mayen ƙarfe a wata tashar tace ruwan ƙarƙashin ƙasa da ɓawo ya addaba, ɓawon ya ci gaba da taruwa kamar da. A shekarar dai, mujallar Consumer Reports, wadda aikinta gwada kayan kasuwa, ta ba da labarin tankunan dafa ruwa biyu da ta ajiye gefe da gefe har shekara biyu, ɗaya da na'urar ɗaya babu. Da aka yanka su aka duba, ɓawon cikinsu bai bambanta ba. A 2001 sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya fitar da rahoton nasa gwajin a kan na'urorin maganaɗisu da na lantarki, shi ma bai ga amfani ba.

Akwai ɗaya ɓangaren. A shekarar 2000, Michael Coey, ƙwararren masanin maganaɗisu a kwalejin Trinity da ke Dublin, tare da Stephen Cass, sun ba da rahoton cewa ruwan da suka bi da shi ta cikin filin maganaɗisu ya fitar da aragonayit fiye da wanda ba a bi da shi ba, kuma tasirin ya ɗauki kwanaki. Coey ba ɗan talla ba ne, mutum ne da ake girmamawa a fagensa. Wasu masu binciken ma sun ga ƙananan sauye-sauye irin wannan a ɗakunan gwaji. Tun kafin nan, a 1996, John Baker da Simon Judd na jami'ar Cranfield a Ingila sun tattara binciken da aka yi suka tace. Abin da suka tarar shi ne sakamakon yana karo da juna: wannan ya ga tasiri, wancan ya maimaita bai gani ba, kuma inda aka fi samun labarin nasara shi ne a masana'antu, inda ruwa ɗaya ke zagayawa yana bi ta cikin maganaɗisun sau ba adadi. A gida kuwa ruwan sau ɗaya yake wucewa, cikin ƙasa da daƙiƙa, ya je ya zauna a tanki.

Mu a namu hukuncin, tazarar da ke tsakanin “an ga ƙwayoyi sun sauya siffa a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji” da “hitarku ba za ta ƙone ba” tazara ce mai nisa, kuma masu talla suna tsallake ta da taki ɗaya. Abin da ke aiki da gaske yakan yi aiki a hannun kowa, a Dublin da Daura, ko wanda ke gwajin ya yarda da shi ko bai yarda ba. A Jamus akwai ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar DVGW mai lamba W 512, wadda ta ce sai na'ura ta rage ɓawo da kashi 80 cikin 100 idan an kwatanta da tankin da ba a sa masa komai ba kafin a ce ta ci jarrabawa. Duk mai sayar da mayen ƙarfe da ya ce kayansa daga Turai suke, ku tambaye shi takardar irin wannan gwaji, wadda wani ɗakin bincike mai zaman kansa ya sa wa hannu, ɗauke da sunan ainihin na'urar da ke hannunsa. Hoton bututu mai datti kusa da bututu mai tsabta ba hujja ba ce. Kowa na iya ɗaukar irinsa.

To me ya sa wasu da suka saya suke rantsuwa tana aiki? Ba lallai ƙarya suke yi ba. Ranar da aka ɗaura na'urar galibi ita ce ranar da mai gyaran famfo ya wanke tanki ya kankare kan shawa, don haka komai ya gyaru na ɗan lokaci. Ɓawo kuma da kansa yakan ɓamɓare ya faɗo idan ƙarfe ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce. Wanda ya sa ido yana jiran mu'ujiza sai ya ga ɓarɓashi a gindin buta ya ce ga shi ta fara aiki. Sannan akwai damina. Wanda ya sayi na'urar a watan Mayu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, ya duba a watan Agusta bayan ruwan sama ya cika ƙasa, yana iya samun ruwan rijiyarsa ya sauya ko da bai ɗaura komai ba. Ga kuma halin ɗan Adam: wanda ya fitar da kuɗinsa ba ya son ya ji an ce ya yi asara.

Abin da kakanninmu suka riga Turawa talla

Abin dariya a nan shi ne maganin nauyin ruwa na gaskiya yana cikin madafin kowane gida a Daura, a ƙulle cikin leda. Kanwa ce. Babban abin da ke cikinta shi ne sodiyam kabonet da ɗan uwansa bayikabonet, kuma sodiyam kabonet ɗin nan shi ne abin da littafinku na kemistiri ya ce ana cire nauyin dindindin da shi: yana kama kalsiyam ya mai da shi gari ya kwanta. Wake yana daɗewa bai nuna ba a ruwa mai nauyi, domin kalsiyam yana ƙara ɗaure ɓangarorin ƙwayar. Da an jefa 'yar kanwa sai ya yi laushi da wuri. Fataken da suka riƙa ɗauko kanwa a kan jakuna da raƙuma daga yankin Manga da bakin Tafkin Chadi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa ba su san sunan kalsiyam ba, amma matan da suke sayar wa sun san aikinta. Sai dai a kula: wannan dabara ta ruwan wanki ce da girki daidai gwargwado. Ba a zuba kanwa a randar ruwan sha don a rage masa nauyi.

Sauran hanyoyin ma duk suna da abu ɗaya da mayen ƙarfe ya rasa, wato ana iya nuna inda kalsiyam ɗin ya tafi. Idan an tafasa ruwa aka bar shi ya kwanta aka tsiyaye, ga shi nan a gindin tukunya. A 1841 wani malamin kemistiri a Aberdeen ta ƙasar Sikotlan, Thomas Clark, ya yi rajistar hanyar zuba ruwan farar ƙasa daidai awo don kwantar da nauyin wucin gadi, har yau manyan tashoshin ruwa na amfani da ita. Akwai tankin da ke cike da ƙananan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, waɗanda ke riƙe kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa. Idan sun cika sai a wanke su da ruwan gishiri, shi ya sa mai irin wannan tanki ba ya rabuwa da sayen gishiri. Akwai kuma matatar da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, irin wadda wasu masana'antun ruwan leda ke amfani da ita, ita kuma tana zubar da wani kaso na ruwan tare da gishirin da ta tace. Kowace tana da tsada ko wahala. Na'urar da ta ce ba ta cin komai, ba ta zubar da komai, ba ta buƙatar kulawa, ita ce ya kamata a fi yi wa tambayoyi.

Ga yawancin gidaje ma ba a buƙatar ko ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nan. A matse lemun tsami ko a jiƙa tsamiya, a zuba a buta, a ɗan ɗumama, a bari ya jima, a wanke. Ɓawon zai saki. Kan shawa a kwance shi a jiƙa a ruwan tsamin ya kwana. Hita kuma a cire ta daga soket tukuna, a tsoma bakin ƙarfen kaɗai, kada ruwa ya taɓa wajen waya. A tari ruwan sama don wanki da dutsen guga mai tururi, bayan an bar na farkon ya wanke rufin ya zube. Omo kuma ba ya jin nauyin ruwa kamar sabulun sanda.

Akwai wani gefe da ya fi batun kuɗi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wata iyaka ta lafiya a kan nauyin ruwa ba, domin ba a sami gamsasshiyar hujjar cewa yana cutar da mutum ba. Kalsiyam da magniziyam ma jiki na buƙatarsu. Ɓawo matsalar buta ce da bututu. Abin da ke kwantar da mutane a asibiti shi ne ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, sai guba irin dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Mayen ƙarfe ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, ba ya cire dalma. Mun ga tallar da ke haɗa kalmar “tsarkake ruwa” da waɗannan na'urori. Idan wani gida ya daina tafasa ruwa ko sa masa kulorin saboda an ɗaura wani abu a bututu, asarar ta wuce ta naira.

Ku gwada da kanku

Shi Thomas Clark ɗin nan ya bar mana wata hanyar auna nauyin ruwa da sabulu kawai, kuma kowace makarantar sakandare a Zango ko Ɓaure za ta iya yin ta ko da ɗakin gwajinta babu komai sai benci. Ku kankare sabulun sanda ku narkar a ruwan sama mai ɗumi. Kada ku yi amfani da omo, zai ɓata gwajin. Ku samo gorunan roba iri ɗaya guda shida, ku zuba ruwa daidai wa daida a kowace: ruwan sama, ruwan famfo, ruwan rijiya ko burtsatse, sannan wannan ruwan rijiyar dai bayan an tafasa an tace, shi dai bayan an sa 'yar kanwa an bari ya kwanta, da shi dai bayan an bi da shi ta tiyo mai mayen ƙarfe biyu a ɗaure a gefe da gefe. Ku riƙa ɗiga ruwan sabulun da sirinji marar allura, kuna girgizawa sau goma bayan kowane ɗigo biyar, har sai kumfa ta tsaya ba ta kwanta ba na minti ɗaya. Yawan ɗigon shi ne ma'aunin nauyin.

Ga inda ake gane ɗalibin kimiyya na gaske: wanda ke girgizawa da ƙirgawa kada ya san wace gora ce wace. Wani daban ya manna musu lambobi ya ɓoye takardar, sai an gama a buɗe. Idan kun san wadda ta bi ta mayen ƙarfe, hannunku zai girgiza ta da ƙarfi ko a hankali ba tare da kun sani ba, gwargwadon abin da zuciyarku ke so.

Wannan gwaji na farko yana amsa tambayar ko nauyin ya ragu ne kawai. Mai talla zai ce shi bai yi alƙawarin haka ba, mannewa ya ce zai hana. To a bi shi har can. Ku samo gwangwanayen madara iri ɗaya guda shida, ku wanke, ku busar, ku auna kowanne a sikelin ɗakin gwaji mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Uku za su sha ruwan da ya bi ta tiyo mai mayen ƙarfe, uku kuma ruwan da ya bi ta tiyo irinta marar komai, duk daga bokiti ɗaya. Kullum a zuba awo ɗaya, a tafasa na minti goma a wuta ɗaya ana sauya musu wurin zama, a zubar, a ɗauraye a hankali ba tare da gogewa ba. Bayan mako uku a busar a sake aunawa. Dalilin yin uku-uku shi ne ku ga yadda gwangwanaye masu shan ruwa ɗaya ma suke bambanta a tsakaninsu. Idan bambancin da ke tsakanin rukunin biyu bai wuce wannan ba, mayen ƙarfen bai yi komai ba. Aikin wuta ne, don haka malami ya kasance a wurin. Ƙananan mayen ƙarfe masu ƙarfin nan kuma a nisanta su da ƙanne, domin haɗiye biyu daga cikinsu na iya huda hanji.

Ƙungiyoyin JETS da ke makarantun Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Ɓaure, da ma na sauran wurare, muna jiran sakamakonku a wannan shafi, ko ya dace da abin da muka faɗa ko ya saɓa. Ku rubuto sunan makaranta da garin, irin rijiyar da kuka ɗebo ruwan da zurfinta in an sani, watan da kuka yi gwajin, yawan ɗigon sabulu na kowace gora, da nauyin gwangwanaye shidan kafin da bayan, tare da sa hannun malamin kemistiri.